Tocilolin da Suka Ƙi Mutuwa

Saje bai ko yi sallama ba. Buhun ya fara direwa a kan teburin aiki, har kwalbar ƙananan kusoshi ta tuntsure, sannan ya ce, "Injiniya, ga kayanka."

"Kayana ko kayanka?"

"Naka ne. Nawa da na kawo maka ba sa kamawa. Waɗannan kuwa ba sa mutuwa."

Injiniya ba wani injiniya ba ne. Mai gyaran rediyo da fanka da dutsen guga ne, masu shagunan layin suka laƙaba masa sunan tun gashinsa na baƙi, sunan ya bi shi har furfura. Saje kuma tsohon soja ne, shi ke shugabantar masu gadin wasu manyan ɗakunan ajiyar kaya a bayan gari. Tocilolin mutanensa ne a cikin buhun, irin na zamanin nan masu ɗan mitsitsin ƙwai wanda ba zare a cikinsa. Da farko makunnansu ne suka saki, Injiniya ya sa sababbi. Aka dawo da su da ƙorafi, ya sake buɗewa ya liƙe. Ga su kuma sun sake dawowa.

"In an kashe," in ji Saje, "sai ƙwan ya rage wani ɗan haske, kamar idon mage a ƙarƙashin mota. Batir ba ya zuwa ko'ina ya zube. Kuma ka gaya min, mai gadin da ya laɓe a lungu da haske a ƙugunsa, wa zai tsorata? Ai ɓarawo ma sai ya yi masa sannu da aiki."

Injiniya ya zaro ɗaya, ya kunna, ya kashe, ya leƙa bakinta. "Ga ta nan a mace."

"Da rana tsaka? Ka shiga duhu ka gani mana." Saje ya gyara zaman hularsa. "Ni ban zo musu ba. Jibi da safe zan dawo. In na ga ko ɗigon haske, wallahi masu gyaran wayar nan na bakin titi zan kai wa, har da duk abin da zai lalace mana nan gaba. Mutunci ne ya sa nake ta zarya."

Ya fita ya bar Injiniya yana tsintar kusoshi da lalube, ransa a ɓace. Maganar ta yi masa zafi ne don gaskiya ce. Yanzu wa ke gyara? Abu ya yi tari sau ɗaya a jefar a sayi wani. Aikin Saje ne kaɗai ya rage mai zuwa buhu-buhu, shi ke riƙe da shagon. In ya tafi, abin da zai saura sai zaman kallon titi da korar ƙuda.

Akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan shagon, ba taga, cike da gawarwakin rediyo da kawunan fanka. Nan Injiniya ya shiga da tocila ɗaya, ya ja ƙofa, ya cusa tsumma a ƙarƙashinta. Ya kunna, haske ya watsu fari fat. Ya kashe. Duhu. Ya kai ta daf da idonsa na dama, ya mayar da ita na hagu, ya jira har ya gaji da tsayuwa. Duhu dai, baƙi ƙirin.

"Ƙarya suke yi," ya ce wa kawunan fankar. "Barci suke yi su bar ta a kunne, gari ya waye su ɗora wa Injiniya."

Ya faɗa da ƙarfi ne don ya danne wata magana da ke motsi a ƙasan ransa. Tun bara idanunsa suka fara cin amanarsa. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta gilashin da aka shafa wa mai. Lambobin mita sun daina tsayawa wuri ɗaya, jan waya da ruwan ƙasa sun zama 'yan uwan juna. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya canza, ya sake canzawa, duk a banza. Yatsunsa ne ke rufa masa asiri, don sun san hanyar cikin rediyo fiye da yadda ƙafarsa ta san hanyar gida. Ba wanda ya sani sai matarsa, ita ma ba gaya mata ya yi ba, ganewa ta yi ranar da ya zuba gishiri a shayi. Ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma ana cire ta a asibiti. Ya ce ba mai kusantar idonsa da wuƙa yana numfashi. Tsoron wuƙar gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi shi: ranar da layin nan ya ji Injiniya ba ya gani, wa zai sake miƙo masa ko da filogi?

Shi ya sa bai kira Tela ba. Tela maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, idonsa ras, zare yake zurawa a allura ba tare da ya daina surutu ba. Kira ɗaya zai yi masa, ya shigo ɗakin ajiyar ya ce akwai haske ko babu, magana ta ƙare. Amma bakin Tela ya fi kekensa gudu. Kafin la'asar mai shayi ya ji, kafin magariba har masu faci sun ji.

Sai ya zauna ya bi abin yadda mai hankali zai bi, kamar ya yarda da Saje. In ƙwai na haske bayan an kashe, to wuta na samun wata ɓarauniyar hanya, komai ƙanƙantarta, kuma irin waɗannan ƙwayayen ba su da kunya, ɗan abin da tsohon ƙwai ba zai ko ji ba su sai su kama ƙyalli da shi. Ya zazzage baturan ya goge kawunansu. Ya kankare sifirin ɗin gindi har ya ji santsinsa a yatsa. Ya zargi laima, ya jera tocilolin a buɗe a bakin ƙofa su sha rana.

"Injiniya, shanya ake yi?" Tela ya leƙo da tef a wuya. "In sun bushe a kawo in yi musu guga."

"Ka ji da wandon mutane."

"Ba waɗannan ne na Saje ba? Na ga kamar sun fi ka zuwa shagon nan."

Injiniya ya yi tsaki ya kwashe kayansa ya koma ciki. Akwai wani ɗan abu a kan koren allon da ke cikin tocilar wanda ke riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kashe, ya san da shi, amma wannan ƙiftawa kaɗan ne ya huce, ba ya kwana yana cin batir. Saura makunni. Ya jona ƙarfen liƙi, ya cire sababbin makunnan da ya sa, ya gwada su da kunne, ƙas, ƙas, lafiyarsu ƙalau. Duk da haka ya canza wasu. Da can in zai liƙa waya, tsinke yake tsomawa a gwangwanin man dalma, man nan da ake shafawa don dalma ta kama, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak. Yanzu da ba ya ganin ko ta kama ko ba ta kama ba, lafta shi yake yi da bakin sukundireba. In ya ji cuuu, ƙauri ya bugi hancinsa, ya san aiki ya yi.

Ya ƙona ɗan yatsa. Wata kusa ta faɗi ƙasa ya yi ta rarrafe bai same ta ba. Ya zagi waɗanda suka ƙera tocilar, ya zagi wanda ya shigo da ita, ya haɗa da masu gadi da barcinsu. Duk wadda ya gama sai ya shiga ɗakin ajiya da ita, ya ja ƙofa, ya kashe, ya ga duhu. Amma ai tun kafin ya sake taɓa su ma duhun ya gani. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai: yana farautar abin da ko ya kama shi ba zai sani ba.

Washegari da azahar, da leƙen Tela ya ishe shi, ya kulle shago ya saɓa buhun da jakar kayan aiki ya nufi gida. Ya tarar da matarsa tana guga a tsakar ɗaki. 'Ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai ita sai rediyon da ba ya rabuwa da tashar da take so.

"Lafiya, Malam, da rana haka?"

"Lafiya lau. Zafi ne ya yi yawa a shagon."

Ya tura buhun ƙarƙashin gado ya fita wanke fuska. Yana cikin watsa ruwa ya ji muryarta.

"Malam! Wa ya bar tociloli a kunne cikin buhu? Na sunkuya ɗauko takalmina, sai na ga abu yana ta ƙyalli."

Ya tsaya da ruwa a tafin hannu har ya tsiyaye. Ya dawo ɗakin fuskarsa na ɗiga. "A kashe suke."

"To, a kashen suke haske."

"Ke ma Saje ya saye ki ne?"

"Wane Saje? Ni ina ruwana da Saje? Abin da na gani na faɗa."

"Na shiga duhu da su ɗaya bayan ɗaya! Ba komai! Kwana nawa ina fama da abin nan, kowa sai ya buɗe baki ya ce haske, haske. Ina hasken yake?"

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta zare filogi, ta dube shi irin duban da ya fi tsana, wanda ba faɗa a cikinsa. Ba ta ce komai game da ido ba. Ta buɗe akwati ta ciro bargon sanyi, mai nauyin nan da ba a taɓa shi sai an ga dole.

"Zauna a bakin gado," ta ce. "Miƙo ɗaya."

Haka tsofaffi biyu suka lulluɓa da bargo da rana tsaka, ana zafin da ko kaza ta nemi inuwa, gwiwa na gugar gwiwa, tocila a tsakaninsu. Da wani cikin 'ya'yan zai shigo a lokacin, da ya juya a guje ya je ya tara 'yan uwansa.

"Kashe," in ji ta. Ya kashe. "Ga shi nan. Ɗan fari-fari, a tsakiya."

"Ba komai."

"Malam, har layin tafin hannunka ina gani."

Ya buɗe idanunsa iya buɗewa har suka kawo ruwa. Baƙi. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Ya ji kamar ya yi jifa da tocilar ta fashe a bango, amma ta mutane ce. Ya fizgo wata daga buhun.

"Wannan fa?"

"Tana yi."

"Wannan?"

"Ta ma fi waccan."

Suka bi su kaf. Duk suna yi, in ban da guda ɗaya. Ya shafa ta ya gane ta: wadda gilashinta ya tsage ce, gilashin kawai ya canza, bai taɓa buɗe cikinta ba. Ya jujjuya ta a hannu. Wato duk wadda hannunsa ya shiga, ita ce ta ƙi mutuwa. Ya yaye bargon da ƙarfi, ya kwance ɗaya daga masu hasken, ya zaro koren allon ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Je ki bakin taga. Gaya min abin da kika gani. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Ta kai shi haske tana jujjuyawa. "Ni me na sani a nan? Ga wasu 'yan ƙafafu guda biyu, ga dalma a kansu."

"Tsakaninsu fa?"

"Maiƙo ne cunkus. Ruwan ƙasa, kamar an ɗiga zuma ta bushe. Ya haɗe wannan ƙafar da waccan. Har ya fara yin kore-kore a gefe, ƙura duk ta manne."

Injiniya ya runtse ido. Ba sai ta ƙara ba. Man dalma ne. In aka bar shi a kan allo, ya sha ƙura ya sha laima, sai ya zama 'yar gada, wuta ta riƙa satar hanya ta kansa ko makunni na kashe. Abin da ya fi kowa sani ne. Duk wanda ya taɓa koyon aiki a hannunsa ya sha rankwashi a kan wannan: in ka liƙa, ka wanke. Shi ya daina wankewa ne don ya daina ganin abin wankewar. Kuma duk dawowar da Saje ya yi da buhun, sai ya buɗe ya ƙara lafta wani man a kan na da. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a samun wanda za a zaga a kanta.

"Akwai sifirit a jakar," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ki samo min tsohon buroshin haƙori."

Ya goge allon, ita tana cewa nan ya fita, can da saura, matsa hagu kaɗan. Suka bar shi ya sha iska, ya mayar ya ɗaure. Suka koma cikin bargo.

"Ta mutu?"

Ta daɗe tana dubawa.

"Ta mutu murus."

Bai yi murna ba. Ya dai sauke numfashi, ya miƙa hannu ya ɗauko ta gaba. Haka suka yi ta yi har rana ta yi sanyi: ya kwance, ya wanke, ta duba, su lulluɓa, ta yanke hukunci. Sau biyu tana mayar da shi ya sake. Gugarta tana nan a yashe, bai kuma ji ta yi ƙorafi ba, abin da bai saba ba. Sai da suka ɗaure ta ƙarshe tana ninke bargon ta ce, "Gobe in Saje ya kawo wani buhun, a nan za mu tare cikin bargo, ko shagon zan koma?"

"Ban tambaye ki ba."

"Ai na sani. Da kana tambaya da ba mu kai nan ba."

Da safe ta ce za ta raka shi, wai tana da sayayya a wajen. Bai hana ta ba. Ta zauna a kan benci a bakin shagon da jakarta a cinya, ba ta kuma je sayen komai ba.

Saje ya iso a kan lokacinsa. Bai yarda da kowa ba, shi ya kwashi tocilolin ya shiga ɗakin ajiya ya ja ƙofa. Ana jin ƙas, ƙas daga ciki. Tela ya bar kekensa ya zo ya jingina da ƙofar shago, wai gaisuwa ya zo yi wa uwargida. Can Saje ya fito yana kakkaɓe yanar gizo daga hularsa, fuskarsa a sake.

"Yanzu ka yi aiki! Ko ɗigo babu. Na ce da su tsohon hannu daban ne." Ya leƙa waje ya ɗauko wani kwali daga bayan babur ɗinsa ya ajiye a teburin. "To ga wannan. Oba-obanmu ne, na magana tsakanin masu gadi. Da har na yi niyyar kai wa na bakin titi, amma tunda ka dawo hayyacinka, bismilla."

Injiniya ya buɗe kwalin ya ɗauki ɗaya. Aiki ne mai tsoka, irin wanda ya daɗe yana roƙon Allah ya kawo. Ya shafa bayanta da babban yatsa yana neman kusoshin. Ya same su, ƙanana ne ƙwarai, kuma ya san abin da ke ciki ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya san kuma da waɗannan mai gadi ke kiran ɗan uwansa in abu ya ɓaci. Ya ɗaga kai. Saje inuwa ne mai hula, Tela inuwa ne mai tef, a bayansu ga wata inuwar a kan benci wadda ko ba ido zai gane ta.

Ya mayar da ita cikin kwalin ya rufe, ya tura shi gaban Saje.

"Kai musu, Saje."

"Kamar yaya? Fushi ka yi?"

"Ba fushi ba ne. Ba na gani." Ya faɗa da ƙarfi yadda ba sai Tela ya wahalar da kunnensa ba. "Hasken nan da kake ta faɗa, ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya. Ni na ɓata tocilolinka, waccan baiwar Allah ce ta gano. Yana ce a idona. In an cire na dawo, in kana da sauran haƙuri, ka kawo. In babu, na gode da zaryar da ka yi."

Tela, wanda tun da aka san shi ba a taɓa jin ya rasa abin cewa ba, ya kama murza tef ɗinsa. Saje ya daɗe yana duban kwalin, sannan ya ɗauka ya rungume.

"Waɗannan ba za su jira ba," ya ce. "Allah ya ba da lafiya, Injiniya."

Ya ɗaure kwalin da buhun a bayan babur ya tafi. Ko zai dawo, bai ce ba.

Injiniya ya tattara kayan aikinsa cikin aljihun tebur, ya rufe gwangwanin man dalma ya danne murfin sosai. Ya jawo ƙofar shagon ya sa kwaɗo. Matarsa ta riga ta miƙe, jaka a kafaɗa, ta san motar da ke bi ta asibitin ido, da alama ta daɗe da sani. Har sun taka sun bar bakin shagon sai ya tsaya. Akwai ɗan jan ƙwai a jikin soket ɗin da yake jona ƙarfen liƙi, wanda ke nuna ko an bar wuta.

"Leƙa min ta kafar ƙofa," ya ce. "Jan idon nan na bango, ya mutu?"

Ta koma ta kara ido a kafar.

"Yana nan a kunne, Malam."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin da tun da ya buɗe shagon bai taɓa ba wani ya riƙe ba, ya miƙa mata.